Labarin Dalmar Ɗab'i

Kai mai karatu, in wani tsohon littafi ya zo hannunka, irin waɗanda aka buga tun zamanin kakanninka, kada ka yi hanzarin karanta shi. Fara buɗe shafi guda, ka juya bayansa, ka shafa da ɗan yatsa a hankali. Sau da yawa za ka ji takardar ba sumul ta ke ba, akwai 'yan ƙananan tuddai jere-jere, daidai inda baƙaƙen su ke a ɗaya gefen. Wannan sawun ƙarfe ne. Ko wane baƙi da ka gani a shafin nan, da ko wace aya, da ko wane waƙafi, ɗan guntun ƙarfe ne aka shafa wa tawada, aka danna shi bisa takarda, ya bar kamanninsa.

Yanzu ba haka a ke buga yawancin littattafai da jaridu ba. An koma shirya rubutu cikin kwamfuta, a ɗauki hotonsa bisa faranti. Amma shekara ɗari biyar da 'yan kai, watau tun daga wajen 1450 har bayan 1970, yawancin abin da aka buga a Turai, da ƙasashen da suka koyi ɗab'i daga gare ta, da 'yan guntayen ƙarfen nan aka buga shi.

To, wane irin ƙarfe ne wannan? In ka tambayi tsohon ma'aikacin ɗab'i, sai ya ce maka dalma ce. Gaskiyarsa, amma bai faɗa maka duka ba. Dalma ita ce mafi yawa a ciki, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Ƙarfe uku aka gama, ko wane da awonsa: dalma, da kuza, da wani wanda Turawa ke kira antimoni. Ko wanne daga cikinsu ka ɗauka shi kaɗai, ba ya yin harafin kirki. Abin da na ke so in bayyana maka shi ne dalilin da ya sa sai an gama su su uku.

Yadda a ke zuba harafi

Ba za ka gane ƙarfen ba sai ka san aikin da a ke nema ya yi. Harafin ɗab'i ɗan sanda ne mai kusurwa huɗu, kamar guntun tsinken ashana. Tsawonsa bai cika inci guda ba. A Ingila da Amurka an tsayar da shi a kan 0.918 na inci, ba ƙari ba ragi, domin in wani ya ɗara wani tsawo, dogon ya huda takarda, gajeren kuwa bai taɓa ta ba. A bisa kan sandan ne siffar baƙin ta ke, ta ɗan taso, a juye kuwa ta ke kamar rubutun hatimi, don in an danna ta fito daidai.

Aikin yinsa hawa uku ne. Da fari gwanin sassaƙa ya kan sami ɗan sandan ƙarfe, irin wanda a ke yin magagari da shi, ya zauna da 'yan ƙananan kayan aikinsa, ya fid da siffar baƙi guda a bakin sandan. Baƙi ɗaya ya kan ci masa yini guda, wani lokaci fiye. In ya gama sai ya gasa shi, ya tsoma a ruwa don ya yi tauri. Sa'an nan a ɗora bakinsa bisa ɗan guntun jan ƙarfe, a buga da guduma, siffar ta nutse ciki ta bar gurbi. Wannan guntu mai gurbi shi a ke kira uwa, domin daga cikinsa haruffa ke fitowa. Daga nan sai a sa uwar a gindin wani ɗan mazubi mai ɓari biyu, wanda a ke riƙewa a hannun hagu. Mai zubi ya ɗebo narkakken ƙarfe da ɗan ƙaramin ludayi, ya zuba, a daidai lokacin kuma ya fizga hannunsa sama, don ruwan ƙarfen ya faɗa cikin gurbin da ƙarfi. Kafin ƙiftawar ido ya daskare. Ya buɗe mazubi, ya zubar da harafin, ya rufe, ya sake ɗebowa. Wani mutumin Landan mai suna Joseph Moxon, wanda ya rubuta littafin sana'ar ɗab'i a 1683, ya ce mai zubi ya kan zuba wajen 4,000 a yini.

Ka ga hikimar abin. Wahalar sassaƙa sau ɗaya ce, amma daga uwa guda a kan sami dubban haruffa, ko wane kamar ɗan'uwansa, ba ka bambanta su. Shafin littafi guda ya kan ci baƙi wajen dubu biyu. Mai jeri ya tsinto su ɗaya ɗaya daga cikin akwati, ya jera, a ɗaure, a buga. In an gama sai a wanke su, a mai da ko wane ɗakinsa a cikin akwatin, gobe kuma a jera wani shafi da su. Wanda ya gaji ya koɗe a jefa shi tukunya, ya narke, ya komo sabo.

Yanzu fa sai ka duba abubuwan da a ke nema ga ƙarfe guda. Ana so ya narke da ƙaramar wuta, gama uwar ta jan ƙarfe ce, mazubin kuma a hannun mutum ya ke. In ƙarfen sai da wutar maƙera mai zugazugi, uwar za ta lalace tun ba a je ko ina ba. Ana so in ya narke ya tsinke sosai, ya shiga ko wane lungu na gurbin, har ɗan ɗigon da ke bisa kan i. Ana so ya daskare nan da nan, kada kuwa ya motse ya bar bakin gurbi. Amma kuma da zarar ya huce ana so ya yi tauri, a danna shi sau dubbai bai baje ba. Kada ya yi tsatsa, don da ruwan toka a ke wanke masa tawada. Bayan wannan duka ana so ya yi araha, tun da ya ke maɗaba'a guda ta kan ajiye haruffan da mutum ashirin ba su ɗauka. Ga wuyar kuwa: ƙarfe mai saurin narkewa ya kan zama mai laushi, mai tauri kuma ya kan yi wa wuta gardama.

Halin ko wane ƙarfe

Masana suna da ma'aunin zafi. A bisa wannan ma'auni ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Riƙe wannan a zuciyarka, da shi za mu gwada sauran.

Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,500, ga shi kuma da tsatsa. Jan ƙarfe sai an kai 1,085, ba kuwa yadda za ka zuba narkakken jan ƙarfe cikin uwa ta jan ƙarfe. Zinariya da azurfa ba a ma maganarsu. Saura dalma.

Dalma tana narkewa a digiri 327, wutar gawayi ta ishe ta. Ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Tana da araha, musamman a Turai, inda a kan same ta da yawa a wurin haƙar azurfa, don sau da yawa dutse guda ke ɗauke da su duka biyu. Amma ɗauki guntunta ka sa farce, za ka ga ya shiga. Harafin da aka yi da dalma zalla, kafin a buga shafi kaɗan fuskarsa ta baje, a ta zama kamar o. Ba ta kuma cika gurbi sosai, bakin harafin ya kan fito a dakushe. In ta zo daskarewa ta kan motse, cikin kashi 100 ta rasa 3 da wani abu.

Kuza, watau farin ƙarfen da a ke narkowa daga baƙin yashin nan na Jos, ta fi dalma saurin narkewa, a digiri 232. Halinta shi ne gudu da kama jiki, shi ya sa a ke shafe gwangwani da ita, a ke kuma liƙi da ita. Ita ma laushi gare ta, tsadarta kuwa ta ninka ta dalma sau da yawa. Ba mai maɗaba'ar da zai cika akwatunansa da kuza zalla, sai in yana so ya karye.

Na ukun, antimoni, halinsa dabam ne. Fari ne mai ƙyalli, yana da tauri, amma gautsi gare shi kamar kwalba. In ka buga shi da guduma ba ya miƙewa yadda sauran ƙarafa ke yi, sai ya farfashe ya zama gari. Ba ya narkewa sai a digiri 631. Shi kaɗai ko allura ba ka ƙera da shi.

Ga abin mamaki. Auna laba 84 na dalma, da laba 12 na antimoni, da laba 4 na kuza, ka gama su a tukunya guda. Hankali zai ba ka cewa, tun da an sa ƙarfe mai gardamar wuta a ciki, haɗin zai fi dalma wuyar narkewa. Ba haka ba ne. Yana narkewa a wajen digiri 240, watau ƙasa da dalmar kanta da kusan digiri 90. Da ya huce kuwa ya fi ta tauri nesa ba kusa ba. Maƙeran fari sun daɗe da sanin irin wannan, ko da ya ke ba su da ma'aunin zafi. Sinadarin da su ke liƙa azurfa da shi haɗi ne, shi ya sa ya ke narkewa ya bi tsaga tun azurfar ba ta fara laushi ba.

Ina taurin ya fito? In aka yanka guntun haɗin da ya ji antimoni da kuza da yawa, aka goge, aka duba da madubin nan mai ƙara girman abu, sai a ga ba bai ɗaya ya ke ba. Sa'ad da ya fara hucewa, antimoni da kuza su ne kan fara kama juna, su zama 'yan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu kamar sukarin ƙwaya, masu tauri ƙwarai. Sauran haɗin, wanda dalma ta yi wa yawa, ya daskare kewaye da su ya riƙe su. Ka san daɓen da mata ke yi da tsakuwa. Tsakuwar ce ke ɗaukar taku, ƙasar kuwa ita ke hana tsakuwar watsewa. To, haka fuskar harafi ta ke. Antimoni ya kawo tauri, kuza ta rage masa gautsi ta kuma sa haɗin gudu, dalma ta cika jiki ta sauƙaƙa kuɗi.

Akwai wata magana da za ka ji, har cikin littattafai ta shiga. Wai antimoni ya kan sa haɗin ya kumbura sa'ad da ya ke daskarewa, kumburin nan ne wai ke cika gurbi. Maganar tana da daɗin ji, amma waɗanda suka auna sun tarar haɗin ba kumbura ya ke yi ba. Motsewa ya ke yi shi ma, sai dai bai kai ta dalma zalla ba. Abin da ke fid da bakin harafi tsaf shi ne tsinkewar haɗin, da ƙarfin da a ke tura shi da shi, ko da fizgar hannu ko da famfon inji.

Waɗanda suka fara

Ba Turawa suka fara haruffa masu warwaruwa ba. A ƙasar Sin, wajen 1040, wani mai suna Bi Sheng ya yi su da yumɓu ya gasa. Daga baya waɗansu suka yi da itace. Mutanen Koriya kuwa suka zuba nasu da tagulla cikin yashi, har yau akwai wani littafinsu mai suna Jikji wanda aka buga da haruffan ƙarfe a 1377, yana ajiye a birnin Paris. Aiki ne na gwaninta. Amma tagulla na son babbar wuta, gurbin yashi kuma sau ɗaya a ke zubi cikinsa a rushe, ga rubutunsu na da dubban baƙaƙe.

Mutumin da a ke jingina wa mazubin hannu da haɗin dalma shi ne Johannes Gutenberg, na birnin Mainz a ƙasar Jamus, bakin kogin Rhine. Gidansu na da alaƙa da ma'aikatar buga kuɗin birnin, shi kuma ya san aikin ƙarfe. Ya shekara da shekaru yana gwaji a asirce, kuɗinsa suka ƙare, ya ci bashi wurin wani attajiri mai suna Johann Fust. Wajen 1455 ya gama buga Littafi Mai Tsarki na Kirista da harshen Latin, layi 42 a yawancin shafuka, shafi fiye da 1,200, ya buga wajen guda 180. A zamanin nan marubuci da alƙalami ya kan shekara ko fiye a kan guda ɗaya tak. Cikin shekarar nan kuma Fust ya kai shi ƙara a kan bashin, shari'a ta ba Fust gaskiya, kayan aikin suka koma hannunsa. Gutenberg ya mutu a 1468, bai tara dukiya da abin da ya ƙago ba. Kafin shekara ta 1500 maɗaba'u sun bazu a garuruwan Turai fiye da 200.

An tsinci waɗansu tsofaffin haruffa na farkon zamanin ɗab'i cikin laka a kogin Saône, a birnin Lyon na Faransa. Da aka bincika su sai aka tarar da dalma da kuza da antimoni a ciki. Haka kuma haruffan gidan ɗab'in Plantin, a birnin Antwerp na Beljiyam, waɗanda aka zuba wajen 1580, an auna an sami dalma kashi 82, kuza 9, antimoni 6, sauran jan ƙarfe. Watau tun da wuri aka dace da ƙarafan uku, daga baya awon kawai aka yi ta gyarawa.

Samun antimoni a wancan zamani ba wasa ba ne. A ƙasa ba ya zuwa shi kaɗai, a haɗe ya ke da farar wuta cikin wani baƙin dutse. Moxon ya ba da labarin yadda masu zubi na Landan ke yi. Su kan gina tanderu a fili, su cika tukwane da dutsen nan tare da guntayen tsofaffin ƙusoshi, su hura wuta. Baƙin ƙarfen ƙusoshin ya janye farar wutar ya taso sama da ita, antimoni ya rage, sa'an nan su zuba masa narkakkiyar dalma. Hayaƙin da ke tashi mugu ne. In an gama a kan ba ma'aikata giya gauraye da man zaitun, wai maganin dafin hayaƙin ke nan. Sun san akwai cuta, maganin ne ba su sani ba.

Zamanin inji

Kusan shekara ɗari huɗu da hannu a ke zubi. A 1838 David Bruce, a New York ta Amurka, ya fito da injin da ke tura ƙarfen cikin mazubi da famfo. Amma jeri na nan da hannu. Sai a 1886 jaridar New York Tribune ta fara aiki da injin da a ke kira Linotype, wanda Ottmar Mergenthaler ya ƙago. Shi haifaffen Jamus ne, gyaran agogo ya koya tun yana yaro. Injinsa na da maɓalli 90. Ma'aikaci na taɓa maɓalli, uwayen tagulla na gangarowa suna jeruwa, in layi ya cika sai famfo ya turo narkakken haɗi daga wata tukunya da ke jikin injin, layin duka ya fito dunƙule guda. Cikin shekarun nan kuma wani Ba'amurke, Tolbert Lanston, ya ƙago Monotype, wanda ke zuba haruffa ɗaya ɗaya yana jera su da kansa.

Nan fa awo ya rabu, domin aikin ya rabu. Layin Linotype sau ɗaya a ke buga jarida da shi a mai da shi tukunya, ba a bukatar ya daɗe. Abin da a ke bukata shi ne ya daskare gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, kada injin ya tsaya jiransa. Don haka aka ba shi haɗin nan na 84 da 12 da 4, wanda ya fi duka saurin narkewa da daskarewa, tukunyarsa kuwa a kan riƙe ta a wajen digiri 285. Monotype, da ya ke littattafai a kan fi bugawa da shi, an ƙara masa tauri, wajen dalma 74, antimoni 16, kuza 10. Haruffan jerin hannu kuwa, waɗanda za su shekara da shekaru a akwati ana jerawa ana warwarewa, su ne mafiya tauri da tsada. A cikinsu dalma ta kan sauko har kusa da rabi, antimoni ya kai rubu'i ko fiye, kuza ta wuce kashi 10, a kuma ɗan tsarma jan ƙarfe.

Tukunyar haɗi tana son kiwo. Ko wane narkawa wata dauɗa mai kamar toka ta kan taso bisa, a kwashe ta a zubar, kuza da antimoni kuwa su suka fi bin dauɗar nan. Yau da gobe sai haɗin ya rame, haruffa su fara fitowa da laushi, da ramuka a ciki. Saboda haka manyan maɗaba'u su kan aika da ɗan guntu a auna musu, su sayo wani haɗi mai yawan kuza da antimoni su ƙara. Ana kuma motsa tukunya, don ƙwayoyin nan masu tauri ba su kai dalma nauyi ba, in an ƙyale su sai su taso sama. Babban abin tsoro shi ne tutiya, ƙarfen da a ke shafe kwanon rufi da shi. Ɗan kaɗan ya faɗa ciki, sai haɗin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ya toshe bakin inji. Ɗan guntu guda ya isa ya ɓata tukunya duka.

Abin da ya shafe mu

Biyu daga cikin ƙarafan nan ba baƙi ba ne gare mu. Tun Turawa ba su zo ba mutanen Liruwe ke wanke kuza a rafi, su narka, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Bayan 1900 kamfanonin Ingila suka shiga haƙa a tsaunukan Jos, a 1914 kuma aka kai ɗan siririn jirgin ƙasa daga Zariya har Bukuru saboda ita. Shekaru da yawa ana ɗibar yashin kuza ana kai shi Ingila a narka. Ba abin mamaki ba ne in wata ta komo mana cikin akwatin haruffa, da tsada ninkin ba ninkin.

Antimoni kuma yana da dangantaka da kwalli. A waɗansu ƙasashen gabas baƙin dutsen nan nasa a kan niƙa a sa a ido, shi ya sa littattafai da yawa ke fassara antimoni da kwalli. Amma kwallin dutse mai ƙyalli wanda a ke sayarwa a kasuwanninmu, yawancinsa dutsen dalma ne, irin wanda a ke samu a kwarin Binuwai. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Akwai kuma zancen baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Akwatin haruffan da aka yi don Turanci ba shi da su. Shi ya sa cikin tsofaffin littattafan Hausa za ka ga waɗansu sun sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, waɗansu sun sa 'yar alama a gefensa, gama da abin da ke akwati a ke aiki. Da aka tsai da shawara a kan masu lanƙwasa, sai da aka yi wa ko wane sabuwar uwa, babba da ƙarami, tsayayye da karkatacce, a ko wane girman rubutu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, lokacin da dalma ce ke mulkin ɗab'i a duniya duka.

Dafin dalma

Sana'ar nan ta ci lafiyar mutane da yawa, bai kamata in ɓoye maka ba. Dalma guba ce, irin wadda ba ta kisa yau, sai ta taru a jiki kaɗan kaɗan. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin manyan da suka kafa ƙasar Amurka, ma'aikacin ɗab'i ne tun asali. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1786 ya ba da labarin sa'ad da ya ke saurayi yana aiki a Landan. Ya kan shanya jiƙaƙƙun haruffa a bakin wuta, ya yi aiki da su da ɗuminsu, har ya fara jin wani ciwo cikin ƙasusuwan hannunsa. Wani tsohon ma'aikaci ya gargaɗe shi ya bari, kada hannuwansa su mutu, kamar yadda ya kusa aukuwa ga waɗansu abokan aikinsu.

Ba taɓa harafi ne kaɗai ke kawo cutar ba, abin da ya shiga baki da hanci ne. Haruffa na gugar juna a akwati suna zub da ƙura, a sa yara su hure ta da mafuri. Dauɗar tukunya ta bushe ta tashi a iska. Mai jeri ya sa harafi a baki don hannunsa ya cika, ko ya ci abinci da baƙin hannu. Alamunta su ne murɗar ciki mai tsanani, da taurin bayan gida, da kasala, da wani shuɗin layi a dasashi, daga baya wuyan hannu ya saki ya kasa ɗaguwa. A waɗansu ma'aikatu a kan raba madara wai don kariya. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fid da dalma daga jiki. Abin da ya rage cutar shi ne wanke hannu, da share ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, da buɗe wa iska hanya, da hana ci a wurin aiki.

Yara ta fi yi wa ɓarna, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu, abin da ta ɓata kuwa ba ya komowa. Mun ga wannan a ƙasarmu. A 2010 a jihar Zamfara aka riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka mutu. Shi ya sa na ce ka riƙe zancen kwalli. Wanda aka niƙa daga dutsen dalma bai kamata a ranbaɗa wa jariri ba, don yaro ya kan murje ido ya kai hannu baki. Haka kuma mai narka dalmar tsohon batir, kada ya yi a tsakar gida, kada kuwa ya yi a tukunyar da za a sake dafa abinci cikinta.

Abin da ya kori dalma daga ɗab'i shi ne hoto, sa'an nan kwamfuta. Daga wajen 1960 maɗaba'u suka fara barinta ɗaya bayan ɗaya. Babbar jaridar nan New York Times, fitowarta ta 2 ga Yuli 1978 ita ce ta ƙarshe da aka jera da narkakkiyar dalma. Aka yi gwanjon injuna, aka narkar da tulin haruffa aka yi waɗansu abubuwa da su, har da harsashi. Yanzu 'yan tsiraru ne ke zuba haruffa, don littattafai na ƙawa. Gidan Plantin na Antwerp ya zama gidan tarihi, sandunan sassaƙa da uwayensa na nan ajiye, haka kuma akwai gidan tarihin Gutenberg a Mainz.

A tsofaffin wuraren ɗab'i na garuruwanmu a kan yi dace da akwatin haruffa an jingine shi a lungu. In ka sami harafi guda ka ɗauka, za ka ji ya fi girmansa nauyi. Duba jikin sandan, wajen gindi, akwai wata 'yar tsaga a gefe ɗaya. Da ita mai jeri ke sanin ina sama ina ƙasa, yatsansa ke gaya masa, ba sai ya duba ba. In ka gama dubawa ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.